Gayyata da Ƙafa

Ɗan ƙanwata, wanda aka zaɓa sakataren walwala na ƙungiyarsu a jami'a, ya zo mini Agwada da hutu ya ce, "Kawu, cikin mutanen da ka sani a zamanin aikinka, wa za mu gayyato makon al'adunmu wanda zai saki hannu?" Na tambaye shi a kan me suke so baƙon ya yi magana. Ya ce ba su tsayar ba tukuna, sai sun ga wanda ya amsa. Ban ga laifinsa ba, haka ya tarar ana yi. Amma na kwana da maganar a rai, domin aikin da na ƙare ƙuruciyata a kansa ke nan har na yi ritaya: nemo baƙi masu jawabi, da makaɗa, da mawaƙa, da dattawa, a kawo su gaban ɗalibai. A wurinmu batun ake fara tsayarwa, sannan a shiga neman mutumin da ya fi kowa saninsa, ko da a ƙarshen duniya yake, ko da ba shi da takalmi a ƙafa.

A Samaru na buɗe ido da wannan harka, a ƙarshen shekarun 1970. Duk wanda ya zauna Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin ya san ba a mako guda ba a yi wata lacca ta jama'a ba. In aka manna takarda a jikin bishiya cewa Yusufu Bala Usman zai yi magana, wanda bai zo da wuri ba sai dai ya saurara ta taga. Littafinsa na 1979, For the Liberation of Nigeria, tarin laccoci ne da maƙalu, wato maganar da aka fara yi wa mutane baki da baki kafin ta shiga maɗaba'a. A ɗaya gefen kuma ga 'yan wasan kwaikwayo na Michael Etherton da gidan wasansu na ƙasa, wanda Steven Ehrlich ya zana bisa tsarin gidan Bahaushe. Su ba su tsaya jiran ƙauye ya zo musu ba; a 1977 suka kwashi kansu suka tafi Soba suka yi Wasan Manoma, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta shelar a koma gona. A Kano kuma Ƙungiyar Hausa ta Jami'ar Bayero na yin Makon Hausa, inda sha'irai irin su Aƙilu Aliyu ke tsayawa su rera waƙa a gaban malaman da ke nazarinta. Shekarar 1977 ɗin ce kuma ta bikin FESTAC, da hawan dabar Kaduna. Iskar da muka shaƙa ke nan.

Amma ba a zauren lacca na koyi aikin ba. Na koye shi ne a hannun maigidana, wanda muke kira Malam, Allah ya jiƙansa, wani ma'aikacin ofishin harkokin ɗalibai da ba shi da digiri, wanda sunansa bai taɓa fitowa a takardar shirye-shiryen taro ba. Shi ne bai yarda a gayyaci mutum da wasiƙa kaɗai ba. Za a buga wasiƙar da keken rubutu, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, amma a aljihunsa take tafiya. Zuwa da kai ya fi aike, in ji shi. Sai mu sayi ƙwaryar goro da ɗan turare, mu hau mota. In baƙon mawaƙi ne, sai an fara gaida sarkin kiɗansa ko babban yaronsa. In malami ne, sai a zauna a zaure har a tashi karatu. In dattijon ƙauye ne, ba a dosar gidansa sai an bi ta wurin mai gari. Malam ba ya faɗin abin da ya kawo mu a zaman farko sai an ci abinci. Kuma in ya tashi faɗi, ba ya cewa muna gayyatarka, cewa yake yi, "Baba, akwai yara a wurinmu da ba su san abu kaza ba, kuma an ce mana in ba kai ba babu mai sanar da su."

Hikimar tafiyar a hankali na gane ta. Kafin mu baro gidan mutum mun san abin da yake ci da wanda ba ya ci, mun san ko yana da ciwon ƙafa, ko kunnensa ya yi nauyi, ko shi mai magana ne da safe ko sai dare ya yi. Mun san maganar da in aka taɓo za ta buɗe bakinsa, da wadda za ta sa ya naɗe tabarmarsa. Shi ma ya ga fuskokinmu, ya san wanda zai nema in ya iso. Shi ya sa a zamanin Malam ban taɓa ganin baƙon da ya amsa sannan ya turo wakili ba. Mutum ba ya tura wakili wurin wanda ya ci tuwo a gidansa.

In baƙo ya iso kuwa, ba a kai shi otal. Masauki ake yi masa a gidan wani malami ko ma'aikaci, a haɗa shi da ɗalibai biyu 'yan rakiya, su ɗauki jakarsa, su kai masa ruwan alwala in mai salla ne, su raka shi coci in ranar Lahadi ta same shi kuma can yake zuwa. Malam da kansa yake zaɓen yaran, kuma ba 'yan gaban aji yake ɗauka ba. Mai kunya yake nema, ko wanda ya ga yana neman lalacewa. Bayan an tashi daga zaure, an yi tafi an watse, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar masaukin bayan isha'i. Nan ne ainihin karatun. Tambayar da yaro ba zai iya yi a lasifika ba, a nan yake yin ta. Baƙon da ya yi magana da taka-tsantsan da rana, a nan yake sakin jiki. Ni aikina in riƙe rikoda in riƙa juya kaset. Na san manyan mutane a yau, har da masu riƙe da sassa a jami'o'i, da za su gaya maka cewa a irin wannan tabarma suka tsayar da abin da za su yi da rayuwarsu.

Ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, akwai masu gunaguni cewa an zubar da darajar riga. Malam kuwa kuka ya yi. Ya ce yau jami'a ta biya kaɗan daga cikin bashin da ake bin ta, domin shekara da shekaru ana samun digiri da waƙoƙin mutumin nan. Haka daga baya Jami'ar Jos ta yi wa Ɗanmaraya, mai kuntigi. A ganina wannan girmamawa ba daga sama ta faɗo ba. Ta biyo bayan shekarun da aka yi ana shigo da irin waɗannan mutane harabar makaranta ta babbar ƙofa, a zaunar da su a kujerar da farfesa ke zama, a yi musu tambaya su amsa.

Da aiki ya dawo da ni gida, lokacin nan duk Jihar Filato ce, sai na tarar da wata dukiya da Zariya ba ta da irinta. Tsakanin Keffi, Akwanga, Nasarawa da Lafiya, in ka yi tafiyar awa guda ka ratsa harsuna huɗu ko biyar: Gwandara, Afo, Mada, Eggon, Gbagyi, Gade, Yeskwa, ga Hausa da Fulatanci. Ɗalibai na kwana ɗaki ɗaya amma kowa bai san komai game da kakannin ɗan'uwansa ba sai abin tsokana. Muka ɗauko tsarin Malam muka dasa. Mun taɓa kawo wani dattijon Gwandara ya yi jawabi da harshensa, muka hana tafinta magana na ɗan lokaci, muka ce yaran da suka zo daga Kano da Katsina su faɗi abin da suka tsinta. Suka yi ta kallon juna, domin kalmomi da yawa sun faɗo musu a kunne kamar na gida. Babu harshen da ya fi Gwandara kusanci da Hausa, kuma su kansu Gwandara daga Kano suke jawo asalinsu. Wannan yana cikin littattafai, amma yaran nan ba a littafi suka fara jin sa ba. Mun kawo maƙera da masaƙa sun kafa kayan aikinsu a fili. Mun kawo masu kiɗa da rawar dodanni daga ƙasar Afo ta wajen Agwada da Udege, bayan doguwar tattaunawa da dattawansu a kan abin da ya halatta a nuna wa baƙon ido da abin da ba ya barin gari. Abin da suka ce a bari, mun bari.

Wanda ba na mantawa shi ne wani tsoho na cikin garin Keffi da mahaifinsa ya ga zamanin Magaji Ɗan Yamusa. Kowane ɗalibin tarihi ya haddace cewa a Oktoban 1902 Magaji ya kashe Kyaftin Moloney, ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, Turawa suka riƙe wannan cikin hujjojinsu na cin Kano a Fabrairun 1903, shi kuma ya ƙare a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Tsohon bai ƙara musu kwanan wata ko ɗaya ba. Abin da ya ba su shi ne yadda garin ya kwana a daren, wa ya gudu daji, wa ya zauna, yadda mata suka ɓoye hatsi, da yadda aka daɗe ba a ambaton sunan Magaji da ƙarfi. Wani malamin tarihi ya ja da shi a kan wani batu, tsohon ya tsaya a kan bakansa, aka yi muhawara mai daɗi cikin ladabi. Washegari yaran da kansu suka nemi a kai su su ga dutsen da ake kira da sunan Moloney, wanda kullum suke wucewa ta gindinsa.

In aka tambaye ni yaushe abin ya fara karyewa, ina cewa tsakanin 1986 da 1988. A watan Mayun 1986 aka harbe ɗalibai a Samaru, kwamitin bincike na Abisoye ya biyo baya, aka shiga maganar malaman da ke koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A watan Maris na 1987 wani taron wa'azi da aka gayyato mai jawabi daga waje a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya rikiɗe ya zama faɗa, wutar ta bi ta Kaduna, Zariya, Funtuwa, Katsina har Kano. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malami a Samaru, aka fitar da shi daga ƙasar. Daga nan kowane shugaban makaranta ya fara kallon baƙo a matsayin fitina mai zuwa. Ba na raina tsoron nan, mu da ke maƙwabtaka da Kafanchan mun san abin da aka rasa. Amma darasin da aka ɗauka ba shi ne daidai ba. Maganin baƙon da zai kunna wuta shi ne a san shi tun a gidansa, a san bakinsa, a zauna da shugabannin ɗaliban kowane ɓangare kafin ya iso. Maimakon haka sai aka ƙirƙiro fom da jerin sa hannu, kuma fom bai taɓa sanin halin mutum ba. Ga tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya cinye ɗan kason da ake ware mana. Kuɗin goro da na mota ne suka fara tafiya.

An ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, jami'ar jiha ta buɗe a Keffi a farkon shekarun 2000 da Farfesa Adamu Baikie a matsayin shugabanta na farko, shi ma tsohon ɗan Samaru. Abuja na nan kusa, tafiyar kamar awa guda, cike da jakadu, masana, tsofaffin ma'aikata da marubuta. Babu wani yanki a Arewa da ya kai namu sauƙin samun baƙo. Duk da haka, abin da ake kira taron al'ada a yawancin manyan makarantun ƙasar nan yanzu ya koma jerin kujeru: uban taro, uwar taro, babban baƙo, baƙo na musamman, mai ƙaddamarwa. A aika gayyata ta WhatsApp, a buga hoton mutum a ƙyalle tun bai amsa ba. Ya iso bayan awa uku, ko ya turo mataimaki ya karanta takardar da shi ma bai rubuta ba, a sanar da gudummawa, a ɗauki hoto, jiniya ta tashi. Makaɗan da aka ɗauko daga ƙauye suna rana tun safe, a ba su minti biyar, a katse su don mai girma zai tafi. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mutumin da ya gaji kiɗa kaka da kakanni, ba a tambaye shi ko sunan gangarsa ba.

Da aka rufe makarantu saboda korona a 2020, sannan yajin aikin malamai na wata takwas a 2022, an saba da lacca ta intanet, kuma na ga amfaninta: masani na Landan ko Alƙahira zai yi wa yaranmu magana ba tare da tikitin jirgi ba. Sai dai tsohuwar da ta san waƙoƙin niƙa na Afo ba ta da waya mai hoto, kuma ko tana da ita ba za ta buɗe baki ga wanda bai zo ya gaishe ta ba.

Kaset ɗin da muka tara na waɗancan zaman dare, da babban littafin da kowane baƙo ke sa hannu ko ya dangwala yatsa, na bar su a sito lokacin da aka sauya mini ofis. Da na koma nema, rufin ya yi yoyo, gara ta gama da kwalayen. Muryar tsohon nan na Keffi tana ciki. Abin da ya tsira shi ne kofen da Malam ya koya mana mu riƙa mayar wa kowane baƙo, haɗe da hotonsa, idan muka raka shi gida. Saboda haka akwai kaset ɗinmu a warwatse cikin akwatunan magada, a Keffi, a Garaku, a Akwanga, a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Na fara bin waɗanda nake tunawa, gida gida, da goro a hannu, ina roƙon a ba ni aro in kai a juye su a kwamfuta. Wasu sun riga sun manne, amma da yawa suna magana.