UWAR SHAIHU UMAR DA ZANCEN ASALI

Akwai littattafai biyu da na karanta a shekara guda, ɗaya na aro ɗaya nawa, kuma har yau in na tuna ɗaya sai ɗayan ya faɗo mini a rai.

Na farkon sunansa Roots, wani baƙar fatar Amurka mai suna Alex Haley ya rubuta shi, ya fito a 1976. Da Turanci yake, ga shi da kauri, sai da na yi wata biyu ina fama da shi, ƙamus a cinya, tukunya a kan murhu. Labarin wani saurayi ne Musulmi, Kunta Kinte, ɗan ƙauyen Jufure a ƙasar Gambiya. Ya shiga daji neman icen da zai yi ganga, aka yi caraf da shi a 1767, aka danna su cikin jirgin ruwa da mari a ƙafa sai Amurka. Can aka laƙa masa suna Toby. Ya yi ta gudu ana kamo shi, har aka gaji aka sare masa rabin ƙafa da gatari. Inda na kife littafin na yi kuka mai isata shi ne wurin da aka sayar da 'yarsa Kizzy, yana ji yana gani. Daga baya masana tarihi sun ce ba duk salsalar da Haley ya jero ce ta tabbata ba. To amma cinikin kansa ba ƙarya ba ne, mutum sama da miliyan 12 aka kwasa daga Afirka aka haye teku da su.

Kwana uku na yi ina tsine wa Turawa, har maigidan ya ce wai ke me suka ci miki ne?

Ban gama hucewa ba, ina gyaran akwati sai ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon kwafina na makaranta, bangon duk ya yage. Shi ya rubuta shi ne don gasar rubutun Hausa ta 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki, yana malamin makaranta, tun bai san zai zama Firayim Minista ba. A makaranta don jarrabawa na karanta shi, haddace sunayen garuruwa kawai muke yi. Wannan karon kuwa ina da goyo a bayana, sai na ga ashe ban taɓa karanta shi ba.

Ke 'yar uwa da kika san labarin, ki tuna. Mijin uwar Umar, wato Makau, bafaden sarki ne, kuma da shi ake fita hari a kamo mutane. Aka yi masa sharri aka kore shi daga gari. Uwar ta je sallamar iyayenta ta bar yaron a hannun amana, kafin ta dawo an sace shi. Daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya tafi da shi ƙasarsu ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya yi karatu ya zama shaihi. Shi dai Allah ya yi masa gyaɗar dogo. Uwar fa? Allah sarki! Ta bazama neman ɗanta, mace ita kaɗai, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita. Sai bayan shekaru suka haɗu, ta riga ta ƙare, ganinsa kawai take jira ta cika.

Na nemi Baturen da zan zaga a cikin littafin nan ban samu ba. Mai harin namu ne, mai satar yaron namu ne, wanda ya sayar da uwar yana salla, wanda ya saye ta yana salla. Ita ma tana salla. Wallahi nan jikina ya yi sanyi.

Kada ki ce ai ƙagaggen labari ne. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954. An haife ta tun kafin zuwan Turawa. Da bakinta ta faɗi cewa gidansu suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma. Kuma da bakin nan nata ta faɗi yadda mahara suka kwashe matan danginsu da 'ya'ya, sai da aka tara wuri aka je fansa. Kin ga ke nan gida ɗaya, su ne iyayen gijin bayi, su ne kuma ake kamawa. Wadda danginta suka samo kuɗin fansa ta koma gida tana 'ya. Wadda nata ba su samu ba, ko ba su san inda aka yi da ita ba, ita ce kuyanga, 'ya'yanta cucanawa.

Malamai sun daɗe da ganin ɓarnar. Na tsinci labarin Ahmad Baba na Timbuktu a wani littafin tarihi. Shi kansa ya ɗanɗani kamu, don bayan sojojin Maroko sun ci ƙasarsu a 1591 an tafi da shi Marrakesh, ya yi shekaru a can. A 1615 mutanen Tuwat, 'yan kasuwar Sahara, suka aiko masa da tambaya a kan bayin da ake kawo musu daga ƙasar baƙaƙe. Ya amsa musu cewa baƙin fata ba shi ne dalilin bauta ba, ya ƙi yarda da masu fakewa da cewa baƙaƙe jinin la'ana ne, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno a cikin Musulmin da bai halatta a mallaka ba. Na ji daɗin wannan, amma jin daɗin bai cika ba. Ai ba a tambayar fatawa a kan abin da ba a yi, ashe tun lokacin ana kai Kanawa kasuwa. Sannan waɗanda bai ambata ba, waɗanda ba Musulmi ba, fatawar ba ta cece su ba, alhali su ma uwa ce ta haife su.

Ƙarshen abin a nan ƙasar bai zo rana ɗaya ba. Lugga ya yi shela a 1901 cewa an hana hari, kuma duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne. Aka rufe kasuwar bayi ta Kano bayan Turawa sun ci garin a 1903. Amma waɗanda ke hannu ba a sake su gaba ɗaya ba, da yawa sai da suka yi ta biyan murgu suna tara kuɗin fansar kansu a gaban alƙali. Sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa. Ki lura, lokacin da Tafawa Ɓalewa ke rubuta littafinsa akwai sauran mutanen da ake kira bayin wane. A Nijar kuwa an sayar da wata yarinya, Hadijatou Mani, a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Da ta girma ta kai ƙara, a 2008 kotun ECOWAS ta ce gwamnatin ƙasar ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10.

Abin da ya sa duk na kwaso wannan, wata ƙawata ce da muka taso tare. Yarinya mai hankali, ta sauke Alƙur'ani kafin mu duka. Saurayi ya fito, an kai gaisuwa, an sa rana. Sai wata gwaggonsa ta ce a dakata tukuna a binciki asali. Aka bincika, aka dawo da labarin wai kakar kakarta sayo ta aka yi. Shi ke nan, ba faɗa ba zagi, aka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Mutanen nan kuwa duk shekara da su ake zuwa wa'azin da ake ba da labarin Sayyidina Bilal, har da share hawaye.

Na san gwaggon, muna gaisawa. Da muka haɗu a gidan suna na kasa daurewa, na durƙusa na ce Gwaggo, don Allah ita tsohuwar da aka sayo ɗin, daga wane gida aka sato ta? Ta ce oho, wa ya sani. Na ce to in 'yar malamai ce fa, ko 'yar sarki? Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce 'yar nan karatun littattafan nan zai ɓata ki, ta juya ta ci gaba da rabon goronta.

Ƙawar tawa ta yi aure bayan shekara biyu, a wani gari mai nisa inda ba wanda ya san kakar kakarta. Da zan je ganin ɗaki na sa mata Shaihu Umar ɗina a cikin kayan da na kai. Da na tambaye ta daga baya, ta ce ta karanta har inda uwar ta fita neman ɗanta, daga nan ta tura shi ƙarƙashin katifa.