Rabuwar ƙwayar halitta: yadda take gudana da alaƙarta da cutar sankara

Kowane ɗan Adam ya faro ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak. Ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, aka yi ta ninkawa har jiki ya cika da tiriliyoyin ƙwayoyi. Wannan aiki ba ya tsayawa bayan haihuwa. Da shi ne rauni ke warkewa, gashi ke tsirowa, bangon hanji kuma ke sabunta kansa cikin 'yan kwanaki.

Masana sun kasa aikin gida biyu: maitosis, wato rabon kayan gadon da ke cikin cibiyar ƙwayar, sai saitokinesis, wato tsinkewar jikin ƙwayar kanta. Wani Bajamushe, Walther Flemming, shi ya laƙaba sunan maitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare, domin abin da ya hango a madubin likita ya yi masa kama da zare.

Matakan maitosis

Ƙwayar jikin mutum na ɗauke da kuromosom 46, waɗanda su ne ƙunshin DNA, kundin umarnin gina jiki. Kafin ta rabu, sai ta kwafi kowane kuromosom, kwafin ya zauna manne da na asali kamar tagwaye. Daga nan matakai huɗu ke biyo baya.

Da farko zarurrukan suna naɗewa su yi kauri, tantanin da ya kewaye cibiyar kuma ya wargaje. Na biyu, wasu siraran igiyoyi da suka miƙo daga ɓangarorin ƙwayar biyu suna kama kuromosom ɗin su jera su sahu guda a tsakiya. Na uku, a raba tagwayen, a ja ɗaya nan ɗaya can. Na huɗu, sabon tantani ya kewaye kowane rukuni, a sami cibiya biyu, kowacce da 46 cif. Duka wannan yakan ɗauki kimanin awa guda.

Tsinkewar ƙwayar

A jikin mutum da dabba, wani zobe na sinadaran furotin ne ke ɗaure ƙugun ƙwayar, ya yi ta tsukewa kamar an ja mazagin wando, har ta tsinke gida biyu. Ƙwayar tsiro kuwa bangonta mai tauri ne, ba ya tsukuwa, saboda haka sabuwar katanga take ginawa daga tsakiya zuwa gefe.

Idan birki ya tsinke

Ƙwaya ba ta rabuwa gaba gaɗi. Akwai shingayen bincike da ke tsayar da ita idan kwafin ya sami tangarɗa. Ɗaya daga cikin masu gadin shi ne furotin p53, wanda kan dakatar da rabuwar a yi gyara, ko ya sa ƙwayar ta kashe kanta idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara. Sankara, ko ciwon daji, na samuwa ne idan waɗannan shingaye suka lalace, ƙwaya ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa.

Wannan ne ya sa yawancin magungunan sankara ke farautar ƙwayoyin da ke rabuwa. Binkiristin, da ake samu daga wani fure ɗan asalin Madagaska, yana hana siraran igiyoyin nan haɗuwa. Sai dai ba ya bambance mai lafiya da marar lafiya, shi ya sa gashin majinyaci kan zube.

Inda abin ya shafi Najeriya

Wasu nau'o'in ƙwayar cutar HPV suna kassara p53, kuma su ne sanadin kusan duk sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. A watan Oktoban 2023 ne gwamnatin tarayya ta shigar da allurar HPV cikin jerin riga-kafi, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yin ta tun da ƙuruciya, manyan mata kuma ake ba su shawarar zuwa gwaji. Riga-kafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.