Gidan Shah Waliyullahi da Fassarar Alƙur'ani da Urdu

A birnin Delhi, gida ɗaya ne ya share fagen. A 1738 Shah Waliyullahi ya kammala fassarar Alƙur'ani da Farisanci, harshen fada da malamai. Talaka kuwa Urdu yake ji.

Sai 'ya'yansa biyu suka ɗora daga nan. Shah Rafi'uddin ya bi Larabci kalma bayan kalma, abin da ya amfani ɗalibai, sai dai jimlolin sun yi tsauri. Shah Abdulƙadir ya gama tasa a 1790 da Urdun mutanen gari, mai daɗin ji, kuma malaman baya da yawa a kanta suka gina nasu.

Cikin malaman baya kuwa, Maududi shekara 30 ya kwashe, daga 1942 zuwa 1972, yana rubuta tafsirinsa, Tafhimul Ƙur'an.