Ziyarar Ilimi Zuwa Italiya: Asalinta, Hanyar Da Ake Bi Da Sababbin Dokokin Da Suka Shafi Ayarin Ɗalibai

Tun daga ranar 1 ga Agustan 2024, hukumomin birnin Venis na ƙasar Italiya suka taƙaita yawan mutanen da ɗan jagora ɗaya zai zagaya da su zuwa 25, suka kuma hana amfani da lasifika a kan tituna. Bayan watanni uku, masu kula da kufan tsohon garin Pompeii suka tsayar da adadin masu shiga a kan mutum 20,000 a rana. Dalilin matakan biyu ɗaya ne: baƙi sun yi wa wuraren yawa, har ana fargabar abin da suka zo kallo zai lalace a ƙarƙashin ƙafafunsu. Duk makaranta ko jami'a ko ƙungiyar da ke shirin kai ayari Italiya domin nazarin zane-zane da gine-gine da yanayin karkara, tilas ta yi lissafinta da wannan sabon yanayi.

Italiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan wurare a jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO. Adadin ya kai 60 a watan Yulin 2024, lokacin da aka shigar da tsohuwar hanyar Rumawa mai suna Via Appia.

Asalin al'adar

Zuwa Italiya neman ilimi da ido tsohuwar al'ada ce a Turai. Daga ƙarni na 17, manyan gidajen Ingila sukan tura 'ya'yansu maza, bayan sun kammala karatu, su yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye suna yawo a Faransa da Italiya tare da malamin da ke kula da tarbiyyarsu da kuɗin guzurinsu. Wani limamin Katolika ɗan Ingila, Richard Lassels, shi ne ya yaɗa sunan da aka san tafiyar da shi, wato babban zagaye, a littafinsa da aka buga a 1670. Marubucin Jamus, Goethe, ya yi tasa daga 1786 zuwa 1788. Abin ya kasance na masu hannu da shuni har zuwan jirgin ƙasa. A 1864 Thomas Cook ya kai ayarinsa na farko Italiya, inda kowa ya biya kuɗi ɗaya da ya haɗa sufuri da masauki, kuma tsarin da ake bi ke nan har gobe. Tafiyar da a da take cin shekara, yanzu an matse ta cikin kwana goma ko mako biyu. Jirgin ƙasa mai gudu yana haɗa Roma da Fulorans cikin kimanin awa ɗaya da rabi, daga can zuwa Venis kuma awa biyu da 'yan mintuna.

Roma

Yawancin ayari daga Roma suke farawa. Filin wasan Kolosiyam, wanda Sarki Titus ya buɗe a shekara ta 80 miladiyya kuma yake ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000, shi ne kowa ya sani a hoto. Amma ga ɗalibin gini, darasin da ya fi girma yana Pantheon, wanda aka kammala wajen shekara ta 125 a zamanin Sarki Hadrian. Faɗin ƙubbarsa mita 43.3 ne, kuma tsayin daga daɓe zuwa ƙololuwa daidai yake da wannan faɗin. Babu ƙarfe a cikin kankarenta, amma tana nan daram bayan kusan shekara 1,900. Dabarar maginan ita ce rage nauyi yayin da ake hawa: a gindi suka cakuɗa duwatsu masu nauyi, a sama kuma suka yi amfani da dutsen aman wuta mara nauyi, suka rage kaurin bangon, sannan suka bar kafa mai faɗin kusan mita 9 a tsakiya, wadda ita ce kaɗai hanyar shigar haske ban da ƙofa. Mayar da ginin coci da aka yi a shekara ta 609 ya taimaka wajen tsirar da shi daga masu kwashe duwatsu. Shiga kyauta ce a da. A Yulin 2023 aka fara karɓar yuro 5.

A cikin Roma kuma akwai Vatikan, ƙasa mai cin gashin kanta tun yarjejeniyar 1929, mai faɗin hekta 44 kacal. A nan ne Michelangelo ya zana rufin ɗakin ibada na Sistine daga 1508 zuwa 1512. Salon aikin shi ake kira fresko: ana shafa wa bango sabon shafen farar ƙasa gwargwadon abin da mai zane zai iya gamawa a yini guda, ya zuba launi tun shafen yana ɗanye, domin launin ya bushe tare da bangon ya zama jikinsa. Idan an yi kuskure, sai dai a kankare a sake. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin, kuma masu gadi ba sa barin ɗan jagora ya yi bayani a ciki, don haka malamin da ya san abin da yake yi tun a waje yake gama darasinsa.

Fulorans

Birnin da Italiyawa ke kira Firenze shi ne cibiyar zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha a Turai, kuma a nan ya kamata ayari ya fi daɗewa. An fara gina babban cocinsa a 1296, aka tsara masa ƙubba mai girman da babu wanda ya san yadda za a ɗora ta, saboda katakon da za a tokare ta da shi kafin ta haɗu ya fi ƙarfin abin da za a iya samu. Filippo Brunelleschi, wanda asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce, shi ya warware matsalar tsakanin 1420 da 1436. Ya yi ƙubbar ruɓi biyu, ta ciki mai kauri da ta waje mara nauyi, ya kuma jera jan bulo fiye da miliyan 4 a karkace kamar ƙayar kifi, ta yadda kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin bakan gizo na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, zai gane tambayar da magina biyun suka fuskanta, ko da yake kayan aikinsu da girman ginin sun bambanta ƙwarai. Matakala 463 ake hawa a tsakanin ruɓin biyu kafin a kai ƙololuwa, babu na'urar hawa, kuma sai an kama lokaci tun da wuri.

Gidan adana zane-zane na Uffizi ofisoshin gwamnati ne tun asali, waɗanda Giorgio Vasari ya fara ginawa a 1560. Kayan da ke ciki na gidan Medici ne, masu banki da suka zama sarakunan birnin. Abin da ya hana a watsa su a fadojin Turai shi ne yarjejeniyar da magajiyar gidan ta ƙarshe, Anna Maria Luisa, ta sa wa hannu a 1737, bisa sharaɗin kada a fitar da komai daga ƙasar Toskana. Da wuya a sami takarda ɗaya da ta amfani wani gari kamar wannan.

Akwai batun da shugaban ayari bai kamata ya kauce masa ba. Mutum-mutumin David, wanda Michelangelo ya sassaƙa daga marmara guda tsakanin 1501 da 1504, mai tsayin mita 5.17, tsirara yake, haka ma zane-zane da dama a Uffizi da Vatikan, kuma akasarin sauran sun shafi labaran addinin Kirista ko na allolin Girkawa. A 2023 wata shugabar makaranta a jihar Florida ta Amurka ta bar muƙaminta bayan an nuna wa yara hoton David ba tare da sanar da iyaye ba. Gara a yi wa iyaye da ɗalibai bayani dalla-dalla tun kafin a karɓi kuɗin kowa.

Siena da karkarar Toskana

Masu shirya tafiya kan ɗauki ranar karkara a matsayin ranar hutu, alhali kuwa darasi ce mai zaman kanta, kuma daga bangon wani zaure take farawa. A fadar majalisar birnin Siena, Ambrogio Lorenzetti ya zana sakamakon mulkin adalci da na zalunci a 1338 da 1339, a ɗakin da mutum tara masu mulkin garin suke zama. A ɓangare ɗaya ga magina a kan aiki, ga kasuwa na ci, ga manoma na huɗa da girbi, fatake na tafiya ba fargaba. A ɗaya ɓangaren gonaki sun zama kufai, ƙauyuka na cin wuta. Masu mulkin da kansu suka biya aka zana musu wannan a inda za su riƙa ganinsa kullum. Shekara tara bayan kammala shi, annobar 1348 ta halaka jama'ar garin masu ɗimbin yawa.

Wanda ya fito daga zauren ya nufi kudu zuwa kwarin Val d'Orcia, wanda UNESCO ta amince da shi a 2004, zai ga tuddai da gonakin alkama da zaitun da inabi masu kama da na zanen. Wannan kyan gani ba daji ne ya tsiro da shi ba. Tsarin noma-mu-raba ne ya haife shi, wanda Italiyawa ke kira mezzadria: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aikin, a raba amfani biyu. Saboda iyali a gonar suke ci, sai suka riƙa shuka komai kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya. Tsarin ya bar manoma cikin bashi da talauci, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubbai suka watsar da gonakin suka nufi masana'antu. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidajen da suka bari su ne da yawa aka gyara suka zama masaukin baƙi a gona, harkar da aka yi wa dokar ƙasa a 1985.

Venis, da abin da ya haɗa ta da Kano

An gina Venis a kan tsibirai 118, bisa turakun katako da aka kakkafa cikin laka. Ruwa ya kai santimita 194 a ambaliyar 4 ga Nuwamban 1966, ranar da kogin Arno ma ya mamaye Fulorans, ya kuma kai 187 a Nuwamban 2019. Tun Oktoban 2020 ana ɗaga ƙofofin ƙarfe 78 na shirin MOSE domin tare teku idan ta cika. Sai dai abin da ya fi ruwa damun mazauna shi ne ƙaura: tsakiyar birnin da ke da mutum kimanin 175,000 a farkon shekarun 1950 ta koma ƙasa da 50,000 a 2022, yayin da gidaje ke zama masaukin haya na 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 aka fara karɓar yuro 5 daga masu shiga su fita a yini ɗaya, a wasu ranakun cunkoso da aka ware.

Ga mai karatu Bahaushe, Venis ba baƙuwa ba ce kamar yadda zai zata. A nan ne aka buga littafin Alhasan al-Wazzan a 1550, malamin Fas da 'yan fashin teku suka kama a 1518 suka miƙa wa Fafaroma Leo na 10, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus. A littafin ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, kuma daga gare shi Turai ta daɗe tana ɗaukar abin da ta sani game da ƙasar Hausa. Da Heinrich Barth ya shiga kasuwar Kano a 1851, cikin hajar da ya lissafa akwai duwatsun ado na gilashi daga Venis da takarda mai tambarin wata uku. Irin wannan takarda, wadda masana'antun arewa maso gabashin Italiya suke yi, ta bi ta Tarabulus da Masar ta ƙetare Sahara, kuma a kanta aka rubuta Alƙur'anai da littattafai masu yawa na malaman Sakkwato da Kano da Borno. Idan aka ɗaga ganyen tsohon kundi a haske, ana iya ganin jinjirin watan guda uku a jere.

Shirin tafiya

Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Schengen, wadda ke ba da damar zaman kwana 90 cikin kowane kwana 180, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Kuɗin bizar ya koma yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, amma dokar Tarayyar Turai ta yafe shi ga ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu idan tafiyar ta karatu ce, muddin takardun makaranta sun tabbatar da haka. Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas.

Uffizi da gidan da David yake a rufe suke ranar Litinin. Gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne a Lahadin farko ta kowane wata, wadda ita ce ranar da cunkoso ya fi tsanani, don haka ba ta dace da ayari ba. Manyan coci-coci ba sa barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gajeren wando ya shiga. Aikin jagora a wuraren tarihi sai mai lasisi. Zafin Yuli da Agusta yana da tsanani, farashin masauki kuma a sama. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba da Oktoba, sun fi sauƙi. Ayarin da Juma'a ta riske shi a Roma zai iya zuwa babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1995. Ginin, wanda Paolo Portoghesi da Vittorio Gigliotti da Sami Mousawi suka tsara, yana da ginshiƙai masu rassa kamar kurmin dabino, kuma malaman fasahar gini kan sa shi cikin jadawalin ziyara ko da ba ranar salla ba ce.