Zungeru: Tarihi da al'ummar garin da layin dogo ya raya

Zungeru wani ƙaramin gari ne da ke bakin kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Wushishi ta jihar Neja a Najeriya, kimanin kilomita 60 arewa maso yamma da Minna.

Duk da ƙanƙantarsa a yau, garin ya taɓa zama hedkwatar mulkin Arewacin Najeriya baki ɗaya, kuma a nan ne aka fara shimfiɗa layin dogo a yankin.

Tun kafuwarsa, ƙaruwa da raguwar jama'ar Zungeru sun danganta ne da shawarwarin da mahukunta suka yanke a wasu wurare: inda za a ajiye gwamnati, inda jirgin ƙasa zai bi, da kuma inda za a datse kogi.

Kafuwar gari

Kafin zuwan Turawan mulkin mallaka, wurin ƙauye ne a ƙasar Gwari, a yankin da ya sha fama da hare-haren Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse.

A shekarar 1901 sojojin Birtaniya suka ci Kontagora da Bida da yaƙi, abin da ya buɗe musu hanyar kutsawa cikin ƙasar.

Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya fara mulkinsa ne daga Lokoja da Jebba. Sai dai yana neman wurin da ya fi kusa da manyan masarautun da bai kai ga cinyewa ba tukuna.

A shekarar 1902 ya dawo da hedkwatarsa Zungeru, inda aka gina gidan gwamna, da ofisoshi, da barikin soja, da kurkuku.

Daga nan ne aka tsara yaƙin da ya kai ga faɗuwar Kano a watan Fabrairun 1903, da kuma Sakkwato a watan Maris na wannan shekara.

Zuwan jirgin ƙasa

Babbar matsalar sabuwar hedkwatar ita ce sufuri. Kayan gwamnati kan taso ne daga bakin teku ta kogin Kwara, su shiga kogin Kaduna, amma jiragen ruwa ba sa iya ƙarasawa har Zungeru.

Domin haka aka shimfiɗa wani siririn layin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka fara aikinsa a 1901. Da farko ya tsaya ne a kusa da Wushishi, daga bisani aka ƙara shi zuwa Barijuko, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 35.

Wannan ɗan layi shi ne na farko a Arewacin Najeriya.

A 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, aka fara babban aikin layin Baro zuwa Kano. Dubban talakawa ne suka yi aikin haƙa da dakon ƙasa, da yawansu kuwa aikin tilas ne da aka ɗora wa sarakuna su kawo mutane.

Layin ya isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci kuma layin da ya taso daga Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru, ya haɗu da shi a Minna.

Da Zungeru ta hau babban layi, sai ƙaramin layin Barijuko ya rasa amfani. An kwashe ƙarafansa da kayan aikinsa, aka yi amfani da su a layin da ya tashi daga Zariya zuwa ƙasar kuza ta Jos.

Ƙaura zuwa Kaduna

A ranar 1 ga Janairun 1914, lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa suka zama ƙasa ɗaya, Zungeru ce hedkwatar lardunan Arewa.

To amma jirgin ƙasan da ya ɗaukaka garin shi ne kuma ya sauƙaƙa barinsa. Turawa sun daɗe suna kukan zafi da sauro da zazzaɓi, ga shi layin dogo ya ratsa wani fili mai yalwa da ruwa a gaba, kusa da Zariya.

An fara kwashe sojoji zuwa sabon wurin, wato Kaduna, kuma zuwa 1917 gwamnati ta kammala ƙaura.

Har wata ƙaramar gadar ƙarfe da aka gina a Zungeru a 1904 daga baya an cire ta aka kai Kaduna, inda aka kafa ta a lambun shaƙatawa na Gamji.

Abin da ya rage wa Zungeru shi ne tashar jirgin ƙasa, da kangayen gine-gine, da maƙabartar Turawa.

Al'ummar garin

Gwamnati da reluwe su ne suka tara wa Zungeru jama'a iri-iri. Bayan Gwarawa da Nufawa na yankin, Hausawa sun shigo a matsayin sojoji da 'yan kasuwa da leburori, Fulani kuma na kiwo a kewaye.

Daga Kudu aka riƙa ɗauko akawuna da masu aikin hannu, Yarabawa da 'yan ƙabilar Igbo, har da mutanen Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau, saboda a lokacin ilmin boko bai yaɗu a Arewa ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan akawuna shi ne mahaifin Nnamdi Azikiwe. An haifi Azikiwe a Zungeru ranar 16 ga Nuwamban 1904, ya tashi yana jin Hausa, kuma shi ne ya zama shugaban ƙasar Najeriya na farko a 1963.

A garin ne kuma aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ranar 4 ga Nuwamban 1933, mutumin da ya jagoranci yunƙurin ɓallewar Biyafara daga 1967 zuwa 1970.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Wushishi baki ɗayanta, wadda Zungeru ke ciki, tana da mutane dubu 81 da 'yan kai, a jihar da ke da kusan mutane miliyan 4.

Akasarin mazauna garin manoma ne, masu noman doya da shinkafa da dawa da masara, sai masunta da 'yan kasuwa. Hausa ce harshen ciniki da hulɗa a tsakaninsu.

Kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Neja, wadda ke da mazauni a garin, ita ma ta jawo ɗalibai da ma'aikata daga sassa daban-daban.

Koma-bayan reluwe da zuwan madatsar ruwa

Tun daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta shiga taɓarɓarewa a Najeriya, manyan motoci suka karɓe dakon kaya.

Wannan ya taɓa ƙananan garuruwa irin su Zungeru ƙwarai, domin tsayawar jirgi a tasha ita ce kasuwar masu tallar abinci da 'yan dako. An farfaɗo da zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a watan Disambar 2012, amma ba ta ɗore yadda aka yi fata ba.

A 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da aikin madatsar ruwa ta Zungeru a kan kogin Kaduna, mai ƙarfin megawat 700, wadda kamfanonin China suka gina a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.3, mafi yawansu rance daga ƙasar.

An kammala aikin a 2023. Ita ce babbar tashar lantarki mai amfani da ruwa ta huɗu a jihar Neja, bayan Kainji da Jebba da Shiroro.

Aikin ya sake jawo ma'aikata da 'yan ci-rani zuwa garin, kamar yadda layin dogo ya yi a farkon ƙarni na 20. Sai dai ruwan ya ci gonaki da ƙauyuka, kuma an yi ta taƙaddama a kan biyan diyya da sake tsugunar da jama'a.

Matsalar tsaro ma ta shafi yankin. A watan Janairun 2022 'yan bindiga sun kai hari kan ma'aikatan aikin madatsar, suka sace wasu 'yan China, a watan Agustan 2023 kuma aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a kan hanyar Zungeru zuwa Tegina.

Irin waɗannan hare-hare sun tilasta wa mutanen ƙauyuka da dama barin gidajensu zuwa garuruwan da ke bakin hanya, abin da ya ƙara wa garuruwan jama'a, ya kuma rage masu noma a karkara.