Motar kara

Motar kara wani abin wasa ne da yara ke ƙerawa da karan dawa ko na gero ko na masara, su kwaikwayi siffar mota ta gaske da shi. An san ta a birane da ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, musamman daga lokacin kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da kara ya wadata a gonaki. Galibi yara maza ne ke yin ta, kuma ba a koyar da ita a aji. Ƙane yana koya ne daga kallon hannun yayansa. Daga ita ne aka sami motar langa-langa da motar gwangwani da ta kwali, da kuma jiragen sama da kumbon da ɗalibai ke haɗawa a yau.

Suna

Sunan haɗi ne na kalmomi biyu: mota, wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, da kara, wadda tsohuwar kalmar Hausa ce. Da yake mota tamata ce, sai ta ɗauki mahaɗin -r, aka ce motar kara. Jirgi kuwa namiji ne, shi ya sa ake cewa jirgin kara. Kalma ta biyu tana nuna abin da aka yi abin wasan da shi, ba aikinsa ba, kamar yadda ake cewa dokin kara, gadon kara, bindigar kara. Wannan ya bambanta da irin su motar haya ko motar asibiti. Akwai ruɗani kaɗan a nan, domin motar kara na iya nufin motar da ta ɗauko kara daga gona, sai dai yanayin magana yakan warware shi.

Kayan aiki

Karan dawa shi ne aka fi so, saboda ya fi na gero kauri da tsawon gaɓa. Abubuwa biyu ake nema a jikinsa. Na farko ɓawon waje, mai ƙarfi da santsi, wanda ake ɓarewa a tsaga shi siriri-siriri ya zama tsinke. Na biyu totuwar ciki, fara mai laushi, wadda tsinke ke shiga cikinta ba wahala. Duk sirrin sana'ar yana cikin haɗuwar waɗannan biyu: totuwa ita ce katako, tsinke shi ne ƙusa. Ba a buƙatar gam ko guduma. Inda tsinke ya gaza riƙewa, akan sa ƙayar aduwa ko ta bagaruwa.

Karan da bai gama bushewa ba ya fi daɗin aiki. Ɗanye shar yakan yanƙwane bayan kwana biyu, mahaɗai su saki. Wanda ya bushe ƙayau kuma yakan tsage da an soka masa tsinke. Sille, wato siririn sashen sama wanda ke ɗauke da zangarniya, shi ake ajiyewa domin sandunan da ake son su miƙe sak.

Tayoyi su ne abin da kara ba ya iya bayarwa da kyau, don haka ake nemo su a wani wuri. A da sakaina ake fafewa a goga ta a dutse har ta zama da'ira. Daga baya tsofaffin silifas suka maye gurbinta, domin robarsu tana yankuwa da reza kuma ba ta fashewa. Ana kuma amfani da marfin kwalba da na gwangwani. Kayan yanka ba su wuce reza da wuƙa ba, kuma yankan yatsa, ko daga rezar ko daga kaifin ɓawon kara, abu ne da kusan kowane maƙerin motar kara ya sani.

A yankunan da dawa ta rinjayi gero, kamar ƙasar Zuru a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, kara yakan samu a yalwace bayan girbin watannin Nuwamba da Disamba, dab da lokacin bikin Uhola na Dakarkari. Amma ko a can kara ba abin banza ba ne. Da shi ake yin darni, da shi ake hura wuta, dabbobi kuma na cin ganyensa da rani. Yaron da ya zare kara daga darnin gida domin mota yakan sha faɗa.

Yadda ake haɗawa

Ana farawa da gindin motar: dogayen totuwa biyu a jere, a haɗa su da gajeru a gicciye, a soke kowace mahaɗa da tsinke. A kan wannan ake tayar da kan mota, a bar tagogi da ƙofa, sannan bodi a baya. Idan babbar mota ce mai bodin katako, sai a jera tsinkaye a gefe kamar yadda kafinta ke jera katako.

Wurin da ake gane gwani shi ne ƙafafu. Sandar da ke riƙe tayoyi dole ta juya cikin sauƙi, don haka akan zura ta cikin guntun kara da aka huda, ko cikin bututun tsohon biro. Tayoyin baya a kafe suke. Na gaba kuwa ana ɗora su a kan wani guntu dabam mai juyawa a kan tsinke ɗaya a tsakiya, sannan a haɗa shi da dogon kara wanda ya taso ta baya har zuwa ƙugun yaro. A ƙarshen wannan kara ake ɗaura sitiyari na waya ko na ɓawon kara da aka lanƙwasa. Yaro yana tafe yana turawa, in ya murɗa sitiyari motar ta karkata. Masu ƙaramin ƙarfi sukan ɗaura zare kawai su ja, amma a wurin yara wannan bai kai matsayin tuƙi ba.

Bayan haka sai ado: fitilu na takardar sigari mai ƙyalli ko marfin kwalba, lamba a gaba da baya, wani lokaci har da rubutu da gawayi irin wanda ake gani a jikin manyan motoci. Ƙarar inji da hon daga bakin direba suke fitowa.

Tarihi

Wasa da kara ya girmi mota nesa ba kusa ba. Dokin kara, wanda yara ke hawa suna kwaikwayon mahaya, yana nan har yau, kuma a wasu garuruwa yara kan shirya hawan dokin kara bayan hawan salla na manya. Akwai kuma kejin tsuntsu da ƙananan gadaje na 'yar tsana. Abin da ƙarni na 20 ya kawo shi ne sabbin abubuwan kwaikwayo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano. Manyan motocin ɗaukar gyaɗa da auduga kuma suka bazu har ƙauyuka.

Tun daga nan abin da ke kan titi shi ke bayyana a hannun yara: roka, tifa, tirela, tankar mai, tarakta, a-kori-kura. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, fijo ta zama motar da kowa ya sani. A wannan ƙarnin kuma babur mai ƙafa uku, wanda Kanawa ke kira adaidaita sahu, ya shiga jerin.

Sai dai ba kowace mota ce kara ke karɓa ba. Kara miƙaƙƙe ne, ba ya son lanƙwasa, shi ya sa motar kara ta fi kyau idan babbar mota ce mai kusurwoyi. Ƙaramar mota mai zagayayyen jiki takan fito kamar akwati. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaran birni suka koma ga langa-langa da waya da gwangwanin madara ko na tumatir, waɗanda ake iya bugawa a lanƙwasa, ban da cewa kara ya yi musu nisa. Kwali ya zo daga baya, da yawaitar kayan shaguna, kuma shi ne ya fi sauƙin yanka da fenti.

Jirgi da kumbo

Jirgin kara ya fi mota sauƙin haɗawa ta wata fuska, tunda ba ya buƙatar sitiyari: doguwar totuwa, fukafukai biyu, wutsiya, da farfela a hanci wadda iska ke juyawa idan yaro ya ruga da shi. Wasu kan sa ƙaramin injin da suka ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset, su haɗa da batir, farfela ta riƙa juyawa da kanta.

Kalmar jirgi a asali ta kwalekwale ce, daga baya ta haifi jirgin ƙasa da jirgin sama. Da aka zo zamanin tafiya sararin samaniya, Hausa ba ta ce jirgi kawai ba, ta ɗauko kumbo, sunan wani faffaɗan mazubi na ƙwarya, ta ba abin hawan 'yan sama jannati. Saukar Apollo 11 a duniyar wata a watan Yuli na 1969 ta yaɗa wannan ma'ana ta hanyar rediyo, har Mamman Shata ya yi waƙa a kan kumbon. A bukukuwan baje kolin kimiyya na makarantun sakandare, irin waɗanda ƙungiyoyin JETS ke shiryawa, akan ga roka da tauraron ɗan'adam na kwali a gefen gidaje da motoci.

Makamantanta a wasu ƙasashe

A kudanci da gabashin Afirka waya ce ta fi rinjaye. A Malawi ana kiran irin wannan abin wasa galimoto, wato mota a harshen Chichewa, kuma ita ma da dogon sitiyari ake tura ta.

A Turai da Japan akwai sana'ar haɗa samfuri da takarda mai kauri, wadda manya ma ke yi domin nishaɗi. Ana buga sassan abin a shimfiɗe a kan takarda, da launinsu, mai haɗawa ya yanke su, ya ja layi da bayan wuƙa inda za a naɗe, ya naɗe, ya liƙa da gam ta wasu 'yan kunnuwa da aka bari a gefe. Kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus ya fara buga irin waɗannan takardu a ƙarni na 19, a Poland kuma mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957 da jiragen sama da na ruwa. Zuwan intanet ya sa kowa na iya sauke zane ya buga a gida. Wata manhaja ta Japan mai suna Pepakura Designer tana ɗaukar siffar da aka zana a kwamfuta ta warware ta zuwa sassan da za a buga. Hukumar NASA ta Amurka ma ta wallafa zanen takarda na wasu kumbunanta, irin su Cassini, domin ɗalibai.

Wani babban reshe na wannan sana'a shi ne kumbunan finafinan ƙagaggen kimiyya, musamman Enterprise na Star Trek, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1966, da Millennium Falcon da X-wing na Star Wars, wanda ya fito a 1977. Takarda na da irin matsalar kara. Tana lanƙwasawa ta fuska ɗaya kawai, ta yi bututu ko mazurari, amma ba ta yin ƙwallo sai an yanka ta ɓangare-ɓangare kamar ɓawon lemo. Don haka kumbo mai shafaffun bangaye ya fi sauƙi a kan mai zagayayyen faifai irin na Enterprise.

Babban bambanci shi ne ma'auni. Mai haɗa takarda yana bin zanen da wani ya auna, a kan ƙayyadadden sikeli, misali 1:33 da aka saba da shi a jiragen saman Poland. Maƙerin motar kara ba shi da zane ko rula. Ido ne ma'auninsa, daga motar da ya gani a tasha. Samfurin takarda kuma na ajiyewa ne a kan kanta, motar kara kuwa ta tuƙi ce, ba ta cika wuce 'yan makonni ba kafin ta karye ko gara ta cinye ta.

Muhimmanci da halin yau

Idan ana maganar ƙere-ƙere a arewa, akan ambaci mutane irin su Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, ya shiga kamfanin General Motors, ya zana siffar gwaji ta motar Chevrolet Volt, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya a 2017. Akwai kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura. Ba daidai ba ne a ce motar kara ce ke haifar da injiniya, amma abin da take koyarwa a fili yake: daidaita tayoyi, ƙarfafa mahaɗa, rage babban abu zuwa ƙarami ba tare da ya karkace ba. Kamfanonin mota har yau sukan sassaƙa samfuri da yumɓu kafin su ƙera sabuwar mota.

A birane motar kara ta ja baya ƙwarai. Motocin roba masu araha daga Sin sun cika kasuwa, gonakin bayan gari sun zama filayen gini, wayar hannu kuma ta cinye lokacin yamma. A makarantun firamare da dama, darasin aikin hannu ya koma kawo tsintsiya ko kuɗi a madadin abin da ɗalibi ya yi da kansa. A karkara tana nan, ko da yake a wuraren da rashin tsaro ya hana noma, kamar wasu sassan Danko-Wasagu da Sakaba a masarautar Zuru, iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun koma cikin gari, inda kwali da gwangwani suka fi kara sauƙin samu.