Kundin DBF: tsarin da ya daɗe fiye da kamfaninsa

A shekarar 1978, Wayne Ratliff, wani injiniya a Amurka, ya rubuta manhajar Vulcan domin adana bayanai a ƙaramar kwamfuta. Kamfanin Ashton-Tate ya karɓe ta, ya raɗa mata suna dBASE II, kana dBASE III ta biyo baya a 1984.

Kundinta, mai laƙabin DBF, an tsara shi tamkar rajistar makaranta, ana auna shi da bayit, wato gurbin harafi guda. Bayit 32 na farko su ne kan kundin: na ɗaya yana faɗin nau'insa, uku na biye ranar gyaran ƙarshe, huɗu kuma yawan layuka. Daga nan kowane sashe, kamar suna ko ranar haihuwa, yana da bayit 32 masu bayyana irinsa da faɗinsa da sunansa, wanda ba ya wuce haruffa 10. Layin da aka soke, tauraro ake ɗora masa a farko. Rubutun yana nan har sai an ba da umurnin PACK.

Da yake kundin yana ɗauke da bayanin kansa, kowace manhaja tana iya karanta shi. Borland ya saye Ashton-Tate a 1991, amma har yau masu zana taswira suna aiki da DBF.

Sai dai bayit guda alamu 256 kaɗai yake ɗauka, kuma jadawalin haruffan DOS bai tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. A irin wannan kundi, ƙasa da kasa kalma ɗaya ce.